Jan Fentin da Na Shafa a Bangon Unguwarmu

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar injiniyoyinmu mazauna ƙasashen waje,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kun koma lafiya, ni ne Musa, yaron unguwar New Bell ta Douala da bai daɗe da gama karatun gine-gine ba, wanda ya yi muku jagora da tafinta lokacin da kuka zo auna kwatocin unguwarmu kyauta. Na aika saƙo ta waya ban sami amsa ba, shi ya sa na rubuto a fili. Abin da na gani kaɗai zan faɗa.

Na farko: kun ce duk inda aka auna a sa alama, kuka miƙo mini gwangwanin jan fenti, kuka ce in yi gicciye a bango. Na yi, har a bangon gidanmu. Ranka ya daɗe, wataƙila daɗewa a waje ta sa kun manta, amma a Douala jan gicciye a bango ma'anarsa ɗaya ce: za a rushe gidan. Na faɗa wa injiniyan da ke riƙe da na'urar awo, ya yi dariya ya ce alama ce kawai. Na ci gaba da yin alamar saboda ya girme ni.

Na biyu: tun da kuka tafi unguwa ba ta kwana lafiya ba. Mai haya a ɗakinmu na waje, wani ɗan dako a kasuwar Mboppi, ya kwashe kayansa. Maƙwabcinmu Baba Ɗanlami ya tare ni a ƙofar masallaci, ya kira ni ɗansa, sannan ya tambaye ni a gaban jama'a ko su Turawan nawa sun tanadar mini gida a can unguwar Ndogbong ne da nake nuna musu na mutane. Inna kuwa na ga ta fara ɗaure kwanukanta a buhu.

Na uku, shi ne ya fi damuna. A ranar ƙarshe wani mutum ya biyo mu, ba ya cikin waɗanda kuka gabatar wa mai unguwa. Bai kalli kwata ko ɗaya ba. Gidajen da ke da alama kawai yake ɗauka hoto, ya kuma tambaye ni da Faransanci waɗanne ne ke da takardar fili. Wane ne shi? Kun kuma ce za ku miƙa sakamakon awon ga hukuma. Wace hukuma, kuma don a yi me? Ban ce kun zo da mugun nufi ba. Amma kun zo da rani, kwatoci a bushe, ba ku tambayi kowa inda ruwa ke kaiwa da damina ba, sai faɗin hanya da bakin gidaje kuka auna. Abin da na karanta ya nuna mini awon faɗaɗa titi ya fi kama da wannan.

Roƙona: ku faɗi sunan mutumin nan da aikinsa. Ku turo wa mai unguwa bayani da Hausa, a karanta bayan sallar Juma'a. Idan alamun nan na kwata ne kawai, ku ba ni izini in shafe su da farin fenti. Idan kuma na rushewa ne, ku faɗa mana tun kafin ruwa ya sauko, Inna ta san inda za ta kai buhunanta.

Farin fentin yana nan bayan ƙofa, ban buɗe shi ba, don ba na so in shafe alamar in ce wa mutane ba komai alhali ban sani ba.

Allah ya saka muku da alheri a kan niyyarku, ya tsare ku a inda kuke.

Wassalam.

Musa, New Bell, Douala