Igiyar da Babba Ya Tsinka

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Ni mahaifiyarku, tsohuwar bulaliyar majalisa, nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina da tunanina. Ƙafa ta ƙi, ido ya rage, amma kai yana nan daram. Ke Likita, ke kika auna ni kika shaida a gaban lauya cewa ban ruɗe ba, don haka kada wani ya tashi bayan raina ya ce tsufa ne ya yi magana. Da ku uku nake: kai Babba, ke Likita, da kai Auta. Abin da zan ambata ba gado ba ne da za ku kai gaban alƙali. Kyauta ce na yi tun ina numfashi, lauya ya gama aikinsa, sanar da ku kawai nake yi.

Na ɗaya. Kada ku bar ɗan majalisa ko ɗaya ya yi jawabi a kaina. Na san su ciki da bai. Ni nake zaƙulo su daga ɗakin shan shayi da banɗaki in kora su zauren ƙuri'a kamar awaki. Wanda zai fi kowa kuka shi ne wanda ya fi jin daɗin tafiyata. Su yi addu'a su kama gabansu.

Auta, kai ba ka taɓa damuwa da aikina ba, bari in gaya maka yadda yake, don ka gane abin da ke tafe. A majalisarmu ba a ɗaga hannu. Ƙofa biyu ce, ta eh da ta a'a, kowa ya bi wadda ya zaɓa ana ƙirga shi. Aikin bulaliya shi ne ta tabbatar mutanen gwamnati sun bi ƙofar da aka ce. Akwai kuma wata al'ada da ba a rubuta a ko'ina ba: idan ciwo ya kwantar da ɗan wani ɓangare, sai wani daga ɗaya ɓangaren ya yi alkawarin ƙaurace wa ƙuri'a, ya zauna a kujerarsa, don kada a ci riba da rashin lafiyar mutum. Maƙiyana na siyasa sun sha yi mini wannan alkawari, kuma babu wanda ya taɓa saɓawa.

Sai aka zo gyaran tsarin mulki. Aka amince a ba yankuna majalisunsu, su riƙe makarantu da asibitoci da hanyoyinsu. Ban ƙi ba, ni ma na gaji da ganin hakimi ya yi tafiyar yini guda don neman izinin gyara kwalbati. Abu ɗaya na dage a kai: a bar sashen da ya ba gwamnatin tsakiya ikon shiga tsakani idan yankuna biyu suka yi rikici. Igiya na ce a bari, ko da ba za a ja ta ba. A lokacin Babba, wanda shi ma ɗan majalisa ne, ya riga ya koma wajen 'yan adawa, ni kuma ina kwance an tsaga mini ciki. Na ce a ɗauke ni a gadon asibiti a tura ni ta ƙofar eh. Babba ya kira 'yar'uwarsa ya rantse mata cewa shi zai ƙaurace a madadina, kada a wahalar da ni. Likita ta yarda ta hana a fitar da ni, ni ma na yarda, tunda ɗan da na haifa ne.

A talabijin ɗin ɗakin jinya na gan ka, Babba. Ka miƙe ka ce yankuna ba yara ba ne, ba sa buƙatar uwa a tsaye a kansu. Zaure ya fashe da dariya, don kowa yana kallon kujerata babu kowa. Sannan ka gyara hula ka bi ƙofar a'a. Da ƙuri'a ɗaya sashen ya faɗi, gwamnati ma ta faɗi tare da shi, ni kuma na fito asibiti na tarar an cire sunana daga ƙofar ofis. Na ji zafi, har yau ina ji, kuma ban yi niyyar ɓoyewa ba.

Na biyu. Gidan nan na raba muku iko a cikinsa, kamar yadda Babba yake so a yi wa ƙasa. Babba, saman bene naka ne, inda kake zaune da iyalinka tun da waɗanda suka ɗauke ka a kafaɗa suka yar da kai a zaɓen da ya biyo baya. Ka ci gashin kanka a can, ka yi fenti kalar da ka ga dama. Likita, na ba ki ƙofar gida da tsakar gida da matakalar bene. Na san rabonki da yi wa yayanki magana tun ranar ƙuri'ar, shi ya sa na zaɓe ki. Auta, ɗakunan ƙasa naka ne, tare da injin jan ruwa da mitar wuta. Kai kuwa duk wanda ya yi maka magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya, kuma matar Babba ta taɓa kiran ka cima-zaune a gaban baƙi, ban sani ba ko ka manta.

Na uku. Babu mai sayar da kasonsa ko ya sa ɗan haya sai ku ukun kun amince. Kuma ban naɗa muku mai shiga tsakani ba. Kawunku ya nemi in ba shi wannan iko, na hana. Lauya ma ya yi ta magiya, wai ranar da aka sa kwaɗo a matakala ko aka kashe inji, ina yara za su kai kuka. Na ce masa 'ya'yana ba yara ba ne. Babba, kana karanta jarida, ka ga yadda yankin da ke da madatsar ruwa ya toshe wa maƙwabcinsa kogi, gonaki suka ƙone, gwamnatin tsakiya tana kallo don ba ta da hurumi. Ka taɓa cewa a rediyo da sannu za su koyi zama da juna. To, ga dama ta samu, sai ka koya a aikace.

Na huɗu. Littattafaina na ɗakin karatu a kai wa makarantar da ke bayan layinmu. An ce tun da ta koma hannun yanki ta gyaru, rufi ya daina yoyo, malamai suna zuwa a kan lokaci. Ban musa ba. Mai yiwuwa ma a kan yawancin gyaran kai ne da gaskiya, Babba. Wannan bai dame ni ba, domin ba gaskiya na roƙe ka ba ranar nan, zama a kujera kawai ka yi alkawari. Hoton da jarida ta buga kana fitowa daga ƙofar a'a, wanda na sa a gilashi, naka ne. Yana rataye a gindin matakala, bangon kuma na Likita ne, sai ta ga dama za a sauke shi.

Na biyar. Maganar yafiya. Tun da na kwanta kake zuwa ka zauna a bencin da ke bakin ɗakina, ina jin tarinka ta bayan ƙofa. Ka aiko kawunka, ka aiko matarka, ka aiko har 'yarka mai sunana, duk a kan in furta kalma ɗaya kafin in tafi. Na yi tunani sosai. Ba zan yi maka baki ba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma ba zan ce na yafe ba. Ga ƙofar eh, ga ƙofar a'a, ni kuwa ina zaune a kujerata har a gama ƙirga. Na ƙaurace. Ka duba da kyau, haka ake yin sa, kuma ba shi da wuya.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya zuriyarku, Ya ba ku lafiya da tsawon rai a cikin gidan nan. Ku riƙe zumunci, ku zauna tare, kada ku rabu. Na san za ku bi wannan umarnin ko da kun ƙi sauran, domin ban bar muku hanyar fita ba.

Mahaifiyarku.