Injin Jirgin Abokin Kabiru

Daren Alhamis, Cheras.

Tun shekarar da jirgin 'yan kasuwa ya kife a Yawuri ban ƙara yarda da injin da ban saurara ba. Yau ɗana Kabiru ya kai ni unguwar Sentul, nan ƙasar waje, in duba injin jirgin ruwan gudu na abokinsa, wanda wani makanike ya sake haɗawa. Aka tayar da shi cikin durom na ruwa. Na kafa sukundireba a jikin injin, na ɗora kunne, shiru kamar firij. Makaniken yana ta nuna kwamfuta, wai "Boleh lah," wato "zai yi" da yarensu.

Kabiru ya ce, "Baba, ya yi?" Na ce to. To me? Injin ne lafiyayye, ko kunnena ne ya mutu? Ga shi ran Asabar jikokina za su hau.

Gobe da sassafe zan sa a kai shi ruwa na gaske, ni zan fara shiga.