Ƙorafi a Kan Firijin Mai Ƙanƙara da Kamfanin Inshora Ya Riƙe

Daga: Mai Aski, shago na biyu daga bakin famfo, layin bayan tashar mota, ta hannun ƙanin matarsa, mai buga takardu.

Zuwa ga: Maigirma Babban Jami'i Mai Sauraron Koke-koken Masu Inshora.

Kwanan wata: 18 ga Satumba, 2023.

Game da: Riƙe firijin wata baiwar Allah da ba ta taɓa shiga inshora ba, da roƙon a mayar mata da shi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, tare da fatan wannan takarda ta sami Maigirma cikin ƙoshin lafiya, ana shigar da wannan kuka ne a madadin Mai Aski, wanda daga nan za a riƙa kira mai ƙorafi. Ni da na buga takardar ƙanin matarsa ne. Ya zauna a gefena yana faɗa ina bugawa, inda kuma kunya ta ɗaure masa baki na cike da abin da idona ya gani. Kamfanin da ake kuka da shi shi ne mai tambarin kunkuru. Cikakken sunansa da lambar yarjejeniya suna jikin kwafin da aka maƙala.

1. Cewa a bara Allah ya yi wa maƙwabcin mai ƙorafi rasuwa, amininsa ne, direban babbar mota. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu da firiji guda ɗaya. Da wannan firiji matar take sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi a ƙofar gida, har layin ya sa mata suna Mai Ƙanƙara, shi kuwa mai ƙorafi Yaya yake ce mata. Tun daga ranar jana'izar tunani ya hana shi sakat. Ya ce idan ya faɗi ya mutu yau, abin da zai bar wa yayata, wato matarsa, shi ne almakashi da madubi mai tsaga. Saboda haka a watan Janairu na bana ya ƙudura zai yi inshorar gida da ta rai, ya kuma gayyaci wakilan kamfani uku shagonsa. Na farko, mai tambarin zaki, yana magana yana duba agogo, sai mai ƙorafi ya ce wanda ke sauri tun kafin a ba shi kuɗi, ranar biya ko ƙurarsa ba za a gani ba. Na biyu ya kawo takarda mai rubutu ƙanana kamar an watsa gishiri. Na uku, wakilin kunkuru, ya zauna aka yi masa aski, aska ta ɗan taɓa masa kunne bai damu ba, ya biya bai nemi ragi ba. Ni na ba mai ƙorafi shawara ya bari in karanta masa sharuɗɗan ukun mu gwada. Ya ce ba sai na wahala ba, mutumin da ya miƙa maka wuyansa ka sa aska ya riga ya nuna halinsa, ga shi kuma kunkuru duk inda za shi da gidansa a baya yake tafiya. A kan waɗannan hujjoji biyu aka zaɓi kamfanin.

2. Cewa wakilin ya sanar za a turo jami'i ranar 6 ga Fabrairu ya duba gidan ya ɗauki hoto. Ba wanda ya bayyana wa mai ƙorafi cewa duk abin da ya shiga hoton shi aka yi wa inshora. Wannan shi ne laifin kamfani na farko. Abin da yayata ta fahimta shi ne baƙo zai zo daga ofis da kyamara, kuma hoton falonta zai shiga hannun mutanen da ba ta sani ba. Falon kuwa, Ranka ya daɗe, benci ɗaya ne da tabarma da agogon bango. Ta ce wallahi ba a gidanta ba. Kafin hantsi an aro kushin daga gidan malamin makaranta, talabijin daga wajen mai walda, kafet da labule daga gidan ungozoma, da fankata mai tsayuwa, sabuwa fil, wadda ban cika wata biyu da saye ba. Mai Ƙanƙara da kanta ta leƙo ta ce falo irin wannan ba firiji ai bai cika ba. Maza huɗu suka turo shi a baro, ta haƙura da cinikin ranar. Jami'in ya zo, ya nutse a kushin ɗin malam, ya sha ruwa daga firijin, ya yaba tsarin gidan, ya ɗauki hoto ta kowace kusurwa, har da mai ƙorafi da matarsa a tsaye suna murmushi. Kafin magariba kowa ya kwashe kayansa. Da takardar biya ta fito mai ƙorafi ya ga kuɗin wata-wata ya fi abin da ya zata nauyi, amma ya ɗauka girmamawa ce, cewa kamfani ya gane shi ba ƙaramin mutum ba ne.

3. Cewa a ranar 11 ga Yuli an yi ruwa da iska, kwanon rufi biyu suka ɗaga, ruwa ya sauka tsakiyar falo. Mai ƙorafi ya kira kamfani a kan kwano, kwano kawai. Washegari aka turo wani jami'i daban, matashi mai kirki, kuma kirkinsa ne ya jefa mu cikin wannan hali. Ya shigo da hoton Fabrairu a wayarsa. Ya dubi hoto, ya dubi falo, ya sake duban hoto. Ya tambayi inda kushin yake, da talabijin, da firiji. Ƙaddara ta sa a daidai lokacin mahaifinmu, wato surukin mai ƙorafi, yana zaune a kan bencin, ya zo jaje. Maigirma ya san babu namijin da zai buɗe baki a gaban surukinsa ya ce kayan ɗakin da aka ɗauke shi hoto da su na aro ne. Mai ƙorafi ya sunkuyar da kai yana kallon tabarmar da ta jiƙe. Yayata ta rufe fuska da mayafi. Tsohon kuwa bai san da wani hoto ba, sai salati yake yi. Jami'in ya dafa kafaɗar mai ƙorafi ya ce kada ya wahalar da kansa da magana, ya sha ganin irin wannan, ɓarayi sun fi son ranar ruwa. Ya rubuta sata. Mai ƙorafi ya yi niyyar bin sa waje ya warware masa, amma tsohon ya riƙe hannunsa yana ba shi haƙuri har babur ɗin ya ɓace. Mai ƙorafi ya ce gobe zai je ofis, goben ta yi ta zama gobe. Wannan laifinsa ne kuma bai musa ba. Kwanon dai har yau ba wanda ya sake tambayarsa.

4. Cewa a ranar 25 ga Yuli mai binciken kamfani ya iso layinmu da ɗan sanda da motar ɗaukar kaya. Bai sha wahalar bincike ba. Firijin yana nan tsaye a rumfar ƙofar gidan Mai Ƙanƙara inda yake tun mijinta na da rai, da loɓawarsa a murfi, da mariƙinsa da aka ɗaure da waya, kamar yadda yake a hoto. Haba, Ranka ya daɗe, wane ɓarawo ne zai saci firiji ya tsallaka titi ya ajiye shi a ƙofar gidansa yana ciniki? Ba a tambayi kowa ba. Aka zare wuta, aka ɗora shi a mota da ƙanƙarar da ke ciki, aka ce Mai Ƙanƙara ma ta hau. A gaban 'ya'yanta da masu sayen ruwa aka kira wannan mata mai karɓar kayan sata. Motar tana tafiya ruwa yana ɗiga, ya ja layi tun daga ƙofarta har bakin kwalta. A hanyarsu suka biya shagona suka ɗauki fankata, amma ba wannan ne ya kawo mu ba. Da labari ya kai wa mai ƙorafi, ya bar wani bawan Allah a kujera da rabin kai a aske, ya ruga ofishin 'yan sanda da tawul a kafaɗa. A can ya faɗi gaskiya da ƙarfi, ya lissafa kayan da masu su ɗaya bayan ɗaya. 'Yan sanda suka yi dariya har da riƙe ciki, suka sallami Mai Ƙanƙara. Firijin kuwa suka ce ba ya hannunsu, kamfani ya wuce da shi a matsayin shaida. Tun ranar mai walda ya tura talabijinsa ƙarƙashin gado, malamin makaranta kuma ya lulluɓe kushinsa da zannuwa, ba ya barin baƙo ya shiga falo.

5. Cewa daga ranar zuwa yau mai ƙorafi ya yi ta sintiri a ofishin kamfanin har masu gadi sun fara tambayarsa farashin aski. Amsar da ake ba shi kashi biyu ce. Idan firijin nasa ne, to kayan sata ne da aka gano, zai zauna a wurinsu har a rufe fayil. Idan kuma ba nasa ba ne, to ya yi wa kamfani ƙarya, za a tura fayil ɗin sashen binciken zamba, firijin kuma zai bi fayil. Ya tambaya ko akwai kashi na uku wanda firiji ke komawa gida, aka ce babu shi a tsarinsu. An nemi Mai Ƙanƙara ta kawo rasit. Wanda ya sayi firijin yana kabari, kuma ko da yana raye ba mutumin ajiye takarda ba ne. An kuma dakatar da inshorar gidan da ta ran duka biyu. Sannan a ranar 4 ga Satumba, yana zaune yana jira, aka buɗe ƙofar ɗakin da ma'aikata ke cin abinci, ya hango firijin a jone da wuta, wata ma'aikaciya tana ciro lemo daga ciki. Da ya yi magana aka ce ana kunna shi ne don kada injin ya lalace. Fankar da ke juyawa a kusa da shi ma ya ce ta yi masa kama da wadda ya sani.

6. Cewa yau kusan wata biyu ke nan Mai Ƙanƙara ba ta da sana'a. Tana sayo ƙanƙara a wajen wasu ta zuba a kula, kafin azahar ta zama ruwa, masu saye sun koma wani layi. Abin da ya fi ci wa mai ƙorafi rai shi ne ba ta zage shi ba. Da ta zage shi da ya ji sauƙi. Idan ya gaishe ta sai ta amsa, ta tambayi yara. Shi ne yanzu yake zagayawa ta bayan layi don kada ya bi ta ƙofarta, mutumin da kullum a nan yake tsayawa ya sha ruwa kafin ya buɗe shago. Duk ya rame. Ya ce in rubuta wannan yadda ya faɗa: ya shiga inshora ne don kada wata rana matarsa ta zama kamar matar amininsa, daga ita sai firiji ɗaya, sai ga shi da hannunsa ya raba matar aminin nasa da firijin. A nan ya tashi ya fita waje, na jira shi ya dawo.

Saboda haka mai ƙorafi yana roƙon Maigirma, cikin ƙasƙantar da kai, ya duba waɗannan buƙatu.

Na farko, a umarci kamfanin ya mayar wa Mai Ƙanƙara da firijinta, da rana tsaka, a motar da ta ɗauke shi, kuma mai binciken ya faɗa a ƙofar gidanta, da muryar da ya yi amfani da ita ranar farko, cewa ba ta saci komai ba.

Na biyu, a rubuta a fayil cewa ba a yi sata a gidan mai ƙorafi ba. Duk abin da ke cikin hoton nan na aro ne, ban da agogon bango, wanda ba ya aiki, da mutum biyun da ke tsaye a ƙarƙashinsa. Kwafin wannan takarda mai ƙorafi zai liƙa shi a ƙofar shagonsa, wani kuma ni zan karanta wa mahaifinmu.

Na uku, idan dawowar firijin na nufin a soke inshorar gidan da ta ran, kuma abin da ya biya ya tafi, mai ƙorafi ya yarda. Kwanon zai hau ya buga da kansa. Maganar fanka na bar ta ga adalcin Maigirma.

Idan Maigirma yana son ya turo wanda zai ga gidan da idonsa, ƙofa a buɗe take kowace rana. Sai dai a sanar da wanda zai zo cewa benci zai tarar. Jiya da labari ya bazu a layi cewa mai yiwuwa babban jami'i ya zo, Mai Ƙanƙara ta aiko 'yarta ta tambayi yayata ko za a buƙaci kujerun robarta guda biyu, kada baƙo ya zo ya ga falo haka. Mai ƙorafi ya ce a gaya wa Yaya an gode, ta bar kujerunta a gida.

Muna roƙon Maigirma ya yafe tsawon wannan takarda da duk inda harshe ya zarce. Allah ya ƙara girma, ya ba da ikon yin adalci.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Mai Aski, mai ƙorafi, ya sa hannu.

Ƙanin matarsa, mai buga takardu, shaida kuma mai fanka, ya sa hannu.