Alƙawarin da Na Riƙe wa Perlita

Zuwa ga Yaya Matrona,

Gaisuwa daga ƙanwarki mai kewarki. Yaya birnin Anchorage, yaya maigidan da yara? Ina fata tarin Anfisa ya sake ta. Mu nan lafiya lau. Maigidana Larion yana teku wurin kamun ƙaguwa, sai ni da murhu da littattafan soyayyar da kika aiko.

Na yi ƙawa, Yaya. Sunanta Perlita, 'yar Filifin ce, cikin baƙin da masana'antar kifi ta kawo bana. A kanti ta hango littafi a aljihun rigata, ta ce, "Ashe ke ma kina da wannan cutar?" Tun daga ranar, duk Lahadi bayan coci takan hauro gidana, hannuwanta a tsattsage saboda ruwan gishiri, in dafa shayi in karanta mana. Muna tsakiyar labarin wata mai jiran saurayinta matuƙin jirgi. Ni hawaye, ita dariya. Wai, "Wannan ragon, a garinmu ko kaji ba za a ba shi tsaro ba."

Jiya ta zo tana dafe da gefen ciki. Na ce mu sauka asibitin gari wurin Inna Fekla, sai ta riƙe mini hannu. Kin san mu 'yan tsibiri shiga kawai muke yi a duba mu. Baƙo kuwa sai an kira ofishin kamfani, kuma ma'aikacin da aka ji ba shi da lafiya, jirgin sama ake sa shi a mai da shi ƙasarsu. Perlita tana da 'ya'ya biyu a hannun mahaifiyarta, aikin nan ne abincinsu. Ta ce, "'Yar'uwa, rantse ba wanda zai ji." Na rantse. Ba zan ɓoye miki ba, har daɗi na ji, sai na ga kaina kamar aminiyar nan ta cikin littafi da ake ba amana. Ke na gaya wa don kina nesa.

Gobe zan hura mata ɗakin surace na Kaka. Wane ciwo ne bai fita a can ba?

Ki gaishe mini da kowa.
Ƙanwarki, Agafia

*

Yaya Matrona,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya. Ban san ranar da takardar nan za ta iso ki ba, hazo ya rufe mu, ko rufin coci ba a gani.

Na kai ta surace kamar yadda na ce. Na zuba ruwa a kan duwatsu, na naɗe dutse mai zafi a tawul na ɗora mata a ciki, yadda Kaka ke yi mana. Ta ce ta ji sauƙi, ta koma aiki. Ranar Talata jirgi ya sauka ya tashi, ina tsaye a taga ina kallonsa, ban ce wa kowa komai ba. Washegari ciwon ya ɗauke gaba ɗaya. Muka yi murna, har ta ce in shirya, sai ta kai ni garinsu an naɗa ni likita.

Ranar Juma'a abokan ɗakinta suka aiko mini. Na same ta jiki kamar garwashi, cikin ya yi tauri, ba ta gane ni ba, tana kiran sunan 'yarta. Da gudu na je wurin Inna Fekla.

Inna ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi. Ta taɓa cikin, ta tambayi yaushe ya fara da abin da aka yi mata. Da na ambaci dutsen sai ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ni na karɓi haihuwarki. Kina tsammani da kin raɗa mini, kamfani zan fara kira?" Ta ce wata 'yar hanji ce a gefen dama ta kumbura, zafi bai dace da ita ba, kuma ɗaukewar ciwon da muka yi wa murna, fashewa ce ta yi.

Yanzu tana kwance ana ƙara mata ruwa, likitan birni yana gaya wa Inna abin yi ta waya. Tiyata take buƙata, jirgi kuma ba zai sauka a hazon nan ba. Mutanen gari suna ta kawo miyar kifi, har waɗanda ba su san sunanta ba. Ni ina zaune ina jin iska, ina tuna jirgin Talata.

Ki kunna mata kyandir a cocinku.
Agafia

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Tana raye. Hazon ya yaye da safiyar Lahadi, aka ɗauke ta zuwa asibitin birninku, an yi tiyatar. Inna ta ce saura ƙiris.

Abin da ta ji tsoro kuma ya faru. Kamfani ya kwashe kayanta, da zarar ta iya tafiya za a mai da ta gida. Inna ta ce da an kai ta ranar Talata, ƙaramin aiki ne, wataƙila ma da ta dawo ta ƙarasa kakar kifin. Na riƙe mata alƙawari don kada ta rasa aiki, ga shi ta rasa, har ta kusa rasa rai.

Larion ya dawo, ya ce in daina cin kaina, ai ita ta roƙe ni. Gaskiya ne. Amma ita tsoro ne ya sa ta roƙa. Ni kuwa na san ƙofar Inna Fekla tun ina rarrafe, daɗin sirrin ne ya hana ni ƙwanƙwasawa.

Ta kira ni ta wayar asibiti, muryarta can ƙasa. Na shirya roƙon gafara, kafin in buɗe baki ta ce, "Likita, wai ragon nan ya dawo kuwa?" Ban buɗe littafin ba tun ranar surace.

Ga shi nan cikin ƙunshin, na naɗe kusurwar shafin da muka tsaya. Yaya, ba ta da kowa a birnin naku. Don Allah ki je, ki tafi mata da shinkafa, ba ta son burodinmu. Ki karanta mata a hankali, ki bar ta ta zagi saurayin son ranta. Idan kun kai ƙarshe kada ki dawo mini da shi, ki sa mata a jaka.

Ƙanwarki,
Agafia