Karatun Zaure Ya Kusa Isa Ƙasar Sin

Agege, Ikko

Zuwa ga Kawu Malam Sule, Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya, da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taka?

Kawu, na sami sabon ɗalibi, wani kafinta mutumin ƙasar Sin mai suna Wang. Ciwo ya kwantar da shi a Apapa har jirgin ruwansu ya tafi ya bar shi. Gida yake so, amma Turawan ofishin jirgi ba sa gane Turancinsa.

Sai na tuna yadda ka koya mana mafitar haruffa a zaure. Na ba shi madubi, na ce, "Duba inda harshenka zai taɓa." Na ɗora hannunsa a maƙogwarona don ya ji inda sauti ke fitowa. Ya yi dariya, ya ce cikin guntun Turancinsa, "Malam, ashe magana ma aikin kafinta ce!"

Jiya ya je ofishin shi kaɗai. Sun gane shi, sun ce ya dawo ran Litinin. Ka sa shi a addu'a, Allah ya sada shi da 'ya'yansa.

A gaida Inna, goronta na cikin jirgin ƙasa na ran Asabar.

Ɗanka,
Habu