Tagogin Gabas na Zauren Unguwa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da kuma Baba.

Na samu takarda daga shugaban kwamitin unguwa, na karanta ta na sake karantawa, ban fahimce ta ba. Yana neman in sa hannu a toshe tagogi uku na sama da ke bangon gabas na ɗakin karatu, a sabon zauren unguwa. Bai ba da dalili ba, illa cewa dattawa ne suka nema. Kwamitin zai zauna a ƙarshen wata.

Kin san abin da ya sa na karɓi zanen ginin nan. Tsohon zauren taga ɗaya gare shi, ko da rana tsaka sai mutum ya laluba kujera. Na ɗaga tagogin nan sama ne domin haske ya bugi silin, ya sauko kan tebura a hankali, babu zafi, babu ƙyalli, kuma babu bukatar fitila har la'asar. Teburin da ke kusurwa kuwa, ko da yake ban faɗa wa kowa ba, Baba na yi wa shi, saboda jaridarsa ta safe.

Yanzu an ce mini tun ranar da aka buɗe ginin Baba bai sake shiga ɗakin karatun ba. Ruwa ne ke zuba? Ko zafi ne? Ina roƙonki ki duba mini.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki.

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau. Yara suna gaida kawunsu mai rubuta wa yayarsa wasiƙa kamar yana neman aiki.

Ba ruwa, ba zafi. Matan ajin ɗinki har addu'a suke maka, wai yanzu suna zura zare a allura ba sai sun fita bakin ƙofa ba. Matsalar tsofaffin ce. Sun ja benci sun koma sito na bayan matakala, inda ake ajiye tsintsiya da karyayyun kujeru. Ka gina musu fada, sun zaɓi ɗakin ɓeraye!

Na tambayi Baba. Ya ce kujerun sun yi tauri. Na kai masa matashi. Ya ce tebur ya yi tsayi. Na ce, "Baba, ɗanka ne fa ya auna." Ya ce, "To shi ya zo ya zauna." Sannan ya ce in daina bin sa kamar 'yar sanda.

Shugaban kwamiti ma bai san dalili ba, sun dai hana shi sakat. Kaina ya kulle, wallahi. Kai da ka yi karatun, warware mana.

Allah ya bar zumunci.
Yayarka.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Na gode da amsarki, ina kuma fatan gida lafiya.

Na sake bin lissafina daga farko. Tsayin teburin daidai yake da na kowane ɗakin karatu. Na duba inda rana ke faɗuwa a kowane wata na shekara, ban ga lokacin da za ta bugi idon mai zama ba. Idan da duhu suka yi kuka da shi, da na san abin yi. Mutum ya bar wuri mai haske ya kai karatunsa sito, wannan ban san sunansa ba.

Ga zanen ɗakin na haɗo da wannan takarda. Ki ba Baba, ki roƙe shi ya sa alama da biro a daidai inda hasken ke damun sa. Ba zan sa hannu a kan abin da ban gane ba, amma kuma ba na son a ce na fifita bango a kan mahaifina.

Ki gaishe shi da kyau.
Ƙaninki.

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka zauna kafin ka karanta.

Na ba Baba zanen. Ya daɗe yana kallo, ya gyaɗa kai, ya ce aiki ya yi kyau. Auta, bayan takardar yake kallo. Farar takarda.

Na karɓi takardar na ajiye. Washegari na bi su siton, na laɓe a matakala. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne zaune a bakin ƙofa, inda ɗan haske ke shigowa, yana karanta jarida da ƙarfi. Sauran suna ciki, kowa da tasa jaridar a naɗe a cinya, suna musu. Na ji Baba yana cewa, "Maimaita wurin nan, duhun nan ya hana ni gani." Wani ya ce, "Ai ni ma haka." Suka yi dariya.

Sai na tuna haka suke yi a tsohon zauren. Wanda ke gindin tagar ya karanta, sauran su zagi duhu. Ban san su nawa ne idonsu ya tafi ba, ina jin su ma ba su sani ba, kuma ba sa son sani. Kai kuma ka ba kowa teburinsa da haskensa. Mai gadi ya ce ranar buɗewa Baba ya zauna a kusurwar nan da jarida a buɗe har aka tashi, bai juya shafi ba.

Bai san na gane ba. Kada ka kira shi da maganar asibiti yanzu, ka san halinsa, zai daina fita gaba ɗaya. Ni ban san wanne ne daidai ba. Siton nan ba iska, jiya ya dawo yana tari. Kwamiti kuma na jiran ka.

Sai na ji daga gare ka.
Yayarka.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Na karanta.

Na rubuta wa shugaban kwamiti. Ban yarda a toshe tagogin da bulo ba. Kafinta zai yi murfin katako a tagogi biyu, a rufe da safe, a buɗe idan yara sun taso makaranta. Ta ukun a bar ta, a sa kujera ɗaya a gindinta. Ban tabbata ko gyara nake yi ko ɓarna ba. Maganar likita kuma har yanzu ban san ta inda zan fara ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki gaya wa Baba na yi kuskure a lissafi, hasken ya yi yawa, babu mai iya karatu a cikinsa. Ki faɗa masa a gaban abokansa.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki.