Tarin Dogo

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Yaya su Yaya da yara? Ni lafiya lau, sai kewarki.

Kin tambaya wai me muke yi a hukumar lafiya tunda babu annoba. Atisaye muke yi, Inna, wato gwajin abin da za mu yi ranar da ta zo. Mu kafa tanti a harabar ofis, masu shara su kwanta suna nishin ƙarya. Dogo direbanmu shi ne gawa kullum, don ya iya sanƙarewa. A sa shi a jakar gawa, ni ke jan zif. Mun yi da shi in iska ta ƙare masa ya yi tari biyu in buɗe. Sai ya tashi zaune yana neman kuɗin shayin mutuwa, har shugabarmu sai ta dara. Rigar kariya mai hula ba ma sa ta, ana tattalinta, ga kuma zafi.

A gaida kowa.
Ɗanki, Auta

Inna,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Don Allah ku bar zuwa taro, ku riƙa wanke hannu.

Abin ya zo da gaske. Dogo ya yi ta jigilar marasa lafiya har ya kamu, ranar Talata Allah ya karɓi abinsa. Likita ta duba shi ta tabbatar. Dokar wannan cuta, in an rufe jaka ba a sake buɗewa, ko matarsa ba a bari ta ga fuskarsa ba. Ni na ja zif ɗin, cikin riga da hula.

Muna ɗauke da shi zuwa mota na ji tari biyu. Wallahi Inna na ji. Hannuna ya tafi kan zif da kansa, shugaba ta damƙe min wuyan hannu. Na tambayi kowa, babu wanda ya ji komai. Aka binne shi haka.

Tun daga nan ina jin tarin, a bakin famfo, a ɗakin ajiya, har cikin salla. Tsoro nake ji ko da ransa na rufe shi.

Ki sa ni a addu'a.
Auta

Innata,

Barka da yini, ya jiki? Saƙonki ya iso, na gode.

Annoba ta lafa, jiya aka sake atisaye, wannan karon kowa cikin riga da hula. Aka nemi mai zama gawa, kowa ya sunkuyar da kai, sai na ce ni. Suka rufe ni suka ɗauka. Na yi tari biyu. Na sake. Na yi ta yi har maƙogwarona ya yi zafi, ba su tsaya ba sai da suka kai mota.

Da na faɗa musu, shugaba ta ce to ka gani, da hular nan ba a jin komai, ba Dogo ka ji ba ranar. Kwantar min da hankali take so ta yi, baiwar Allah. Amma Inna, in da ya yi tarin fa? Ranar ma mu duka da hula muke.

Ina nan tafe ƙarshen wata. Ki bar min ƙofar ɗakina a buɗe, yanzu ba na iya kwana a rufe.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Auta